Jirgi ya tashi, kuɗin kaya bai shigo ba: me kuka yi?

Sabon mamba, Apapa

Assalamu alaikum iyayena da yayyena a sana'ar kai wa jiragen ruwa kaya. Ina roƙon wanda irin wannan ta taɓa faɗa wa ya gaya mini abin da ya yi da kansa. Lasisina na Kwastam bai daɗe da fitowa ba. Na kai wa wani jirgin dakon alkama kayan abinci, wato shinkafa, kaji, ƙwai, kayan miya da ruwan kwalba, a tashar Apapa da ke Legas, kyaftin ya sa hannu ya buga hatimi, kamfanin da ke kula da jirgin daga ƙasar waje kuma ya ce zai biya cikin kwana 30. Wa'adi ya wuce, saƙonnina ba amsa, ga dillalin da ya ba ni kaya a kasuwar Mile 12 yana nemana safe da yamma.

Dattijo a sana'ar, Tin Can

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin komai, duba takardarka ka ga sunan wanda ya ba da odar, domin jirgi ɗaya yakan kasance da mai shi, da kamfanin da ke kula da shi, da wanda ya yi hayarsa, kuma kowannensu yana iya cewa bashin ba nasa ba ne. Tun kafin a ba 'yan kasuwa tashoshin jiragen ruwa a 2006 nake shiga tashar Tin Can, kuma bashin da ya fi wahalar da ni shi ne wanda wakilin jirgi ya ba ni odar da baki, na kai fenti da igiyoyi, daga baya mai jirgin ya ce bai san da zancen ba. Abin da ya cece ni shi ne takardar karɓar kaya, wadda babban jami'in jirgin ya sa wa hannu layi bayan layi, da hatimin jirgin a kowane shafi, da lambar IMO, wato lambar shaidar jirgi ta duniya mai alƙaluma 7, da na rubuta a sama. Sunan jirgi yakan canza, tuta ma takan canza, amma wannan lambar tana nan har ranar da za a yanka shi.

Na kai takardun ofishin ƙungiyarmu ta masu lasisi, sakatare ya rubuta wa kamfanin wasiƙa a takardar ƙungiya, ya sanar da su cewa za a faɗa wa sauran mambobi. Kamfanin da jiragensa ke zuwa Legas da Fatakwal da Onne ba ya son a wayi gari babu mai ba shi ko buhun albasa sai da kuɗi hannu. Sun biya, ko da yake sun zaftare wani abu da sunan kuɗin banki. A ganina wannan ne babban amfanin kuɗin ƙungiya da muke biya, ya fi taro da jawabi.

Mamba mai harkar kayan lambu, Ketu

Baba ya faɗi gaskiya, amma ƙanena, ka fara da dillalinka. Mutanenmu na Mile 12 su ma amana suke riƙe da ita: tumatir ɗin na manomin Kano ne ko Zariya, dankalin Turawa da kabeji na mutumin Jos ne, kuma direban da ya kawo su yana jiran kuɗi ya koma. Da hakan ta same ni, na je rumfar dillalina da kaina, na ajiye masa rabin kuɗinsa daga jarina, na nuna masa takardar kyaftin, muka sa ranar cikawa a gaban shugaban layinsu. Har yau shi ne yake ware mini kwandon da bai nuna sosai ba, saboda ya san kukun jirgi yana son tumatir ɗin da zai yi mako biyu a ɗakin sanyi.

Tun daga lokacin na raba odata gida biyu. Kayan da ke lalacewa kyaftin yake biya daga kuɗin da kamfani ke ajiye masa, kafin motata ta bar bakin jirgi; busasshen kaya kaɗai nake bayarwa bashi. Ka kuma lura da kuɗin da ka yi ciniki da shi. Da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, waɗanda suka rubuta farashi da dala jinkiri bai cuce su sosai ba, mu da muka yi ciniki da naira ta hannun wakili kuwa, kuɗin da ya zo a makare bai sayi kayan da muka bayar ba.

Mamba, Ijora

Ni sai da na je kotu. Dokar shari'ar jiragen ruwa ta 1991 ta ba Babbar Kotun Tarayya ikon sauraron ƙarar wanda ya kai wa jirgi kaya ba a biya shi ba, kuma kotun tana iya ba da umarnin tsare jirgin idan ya shigo ruwan Najeriya. Lauyana ya jira har jirgin ya dawo, ya shigar da takardu, kamfanin ya nemi sulhu tun kafin a yi nisa, domin kowace ranar da jirgi ya yi a tsaye asara ce mai yawa gare su. Sai dai lauyan ya gargaɗe ni cewa da an sayar da jirgin kafin mu shigar da ƙara, da hanyar ta toshe. Kuɗin lauya kuma ba kaɗan ba ne, saboda haka ban ba mai ƙaramin bashi shawarar bin wannan hanya ba.

Mamba, Lekki

Hajiya ta Ketu, ina ganin girmanki, amma dabarar kuɗi hannu ba ta yi mini aiki ba. Na gwada a kan wani jirgin kwantena bayan an buɗe tashar Lekki a 2023, sai kamfanin ya ba wani marar lasisi odar, wanda ya raɓu da sunan wani ya shigo da kaya. Wasu jiragen kuma tun daga Lome ko Tema suke cika rumbunsu. Muddin ƙungiya ba ta matsa wa Kwastam da Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa su riƙa tantance lasisi a ƙofa ba, wanda ya ƙi ba da bashi shi ne zai zauna ba ciniki.

Sabon mamba, Apapa

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba takardata kamar yadda Baba ya ce: kamfanin da ke kula da jirgin ne ya ba da odar a rubuce, hatimi yana kowane shafi, lambar IMO ce kawai babu, kuma na samo ta yanzu. Gobe da asuba zan je Mile 12 wurin dillalina da abin da ya sawwaƙa, daga nan in wuce ofishin ƙungiya. Baba, da wasiƙar odar da takardar karɓar kaya sun isa, ko sakatare zai nemi kwafin lasisina ma?