Auduga ko foliyesta? Ina neman shawara kan tsohon jirgin sojan da muke gyarawa

Makaniken_Jirgi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masu ilimin gyaran jirgin sama, musamman iyayenmu da suka daɗe a harkar. A Zariya na koyi aikin, yanzu ina Ingila. Ranakun hutu ina taimaka wa wani dattijon Bature da ya sayi ragowar wani ƙaramin jirgin soja, Piper L-4H, irin wanda sojojin Amurka suka riƙa tashi da shi a Yaƙin Duniya na Biyu don su hango wa masu harba igwa inda harsashinsu ke faɗuwa. Mutum biyu yake ɗauka, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Injinsa Continental ne mai silinda huɗu, ƙarfin doki 65 kacal. Ba batir, ba sitata, da hannu ake juya farfela ya tashi. Tankinsa galan 12 ne, yana gaban matuƙi, ma'aunin man kuwa wata 'yar waya ce da ke leƙowa ta marfin tanki, mai na raguwa tana nutsewa.

Gangar jikin bututun ƙarfe ne da aka haɗa da walda. Fukafukan suna da doguwar azara ta katako da haƙarƙarin alminiyom, sai a lulluɓe komai da yadi. To a kan yadin nan muka sha bamban. Shi ya kafe sai auduga, don da ita jirgin ya fito daga masana'antar Piper da ke Lock Haven, kuma burinsa jirgin ya koma daidai yadda yake a 1944. Ni kuma hankalina ya fi kwanciya da foliyesta irin Ceconite, wadda ba ta ruɓa. Jirginsa ne, kuɗinsa ne, amma ni zan yi ɗinkin, kuma ina son aikin nan har cikin raina. Me kuka gani?

Baba_na_Mando

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ajiye maganar yadi tukuna. Yadi riga ce, ni abin da ke ƙarƙashinta nake so in ji.

Jirgin nan wutsiyarsa a ƙasa take idan yana tsaye, saboda haka duk ruwan da ya shiga jikinsa can baya yake gangarawa ya kwanta. Bututun ƙasa guda biyu, dab da ƙaramar tayar baya, daga ciki tsatsa ke cin su. Ta waje za ka gan su lafiya lau, ciki kuwa sun zama takarda. Ka cire tsohon fenti kaf, ka bi su da tsinin ƙarfe kana dannawa, inda ya lotsa a yanke a sa sabo a yi walda. Idan an gama a ɗura man linsid, mai hana tsatsa, a cikin bututun, a jujjuya firam ɗin ya game ko'ina, a tsiyaye, a toshe ramin.

Na biyu, sandunan da suka tokare fiffike. Su ma ruwa na taruwa a gindinsu, kuma an yi asarar rayuka a kan haka, shi ya sa FAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, ta daɗe da wajabta a riƙa duba su a jiragen Piper irin wannan. Akwai sababbi da aka toshe cikinsu ruf tun daga masana'anta. Su za ku saya. Ko dattijon zai yi fushi, kada ka yarda a mayar da na 1944 don wai na asali ne. Na asalin a rataye su a bangon rumfa a riƙa kallo. Azarar katakon kuma ka bi ta da fitila da gilashin ƙara girma, musamman wajen da ƙusoshi suka ratsa ta, ka nemi tsaga ko inda zaren katakon ya murƙushe.

Game da tambayarka, akwai abin da mutane ba su cika faɗa ba. Auduga ba ta daɗewa, don haka a da dole ake yaye ta lokaci zuwa lokaci, sai a ga duk abin da ke ɓoye a gyara. Foliyesta kuwa tana iya shekara talatin tana kyau, ba wanda ya leƙa ciki, tsatsa na aikinta. Ni foliyestar zan sa, amma sai na yi wa ƙarfen fenti mai kyau na hana tsatsa, na bar ƙofofin dubawa da yawa da ramukan tsiyayar ruwa a duk inda ruwa zai iya kwanciya.

Mu a Kaduna jiragen ƙarfe muka taɓa, Bulldog ɗin da a lokacin ake koya wa matuƙa tuƙi da shi. Waɗanda suka riga mu sun yi aiki a kan Piaggio da Dornier Do 27 na zamanin da Jamusawa suka taimaka aka kafa rundunar sojan saman Najeriya a 1964. Kullum ina fatan a samu yaro irinka ya tayar da ɗaya daga cikinsu.

Mai_Bin_Tarihi

Yaya, ni ba makanike ba ce, tarihin yaƙin nake karantawa. Idan da gaske 1944 kuke nema, a fenti aka fi yin kuskure, don shi kowa ke gani.

Ku fara da lambar jirgin. Rundunar sojan saman Amurka ta ajiye katin kowane jirgi, kuma ana samun kwafinsu a ma'ajiyar tarihinta da ke sansanin Maxwell a jihar Alabama. Katin zai nuna ranar da aka karɓe shi da inda aka tura shi. Kada ku zana masa alamar rukunin da bai taɓa shiga ba.

Launi: koren soja mai duhu a sama, toka-toka a ƙasa, kuma ba ya sheƙi. Na ga hotunan waɗanda aka gyara suna walƙiya, abin ba ya kama da jirgin da ke kwana a gona. Tambarin tauraro na jiragen sojan Amurka ma ya sauya sau da yawa. An cire jan ɗigon tsakiyarsa a Mayun 1942. A Yunin 1943 aka ƙara fararen sanduna hagu da dama da jan baki, a Satumba aka mayar da bakin shuɗi. Jan layin da ke ratsa tsakiyar sandunan sai 1947 ya zo, don haka ba shi da gurbi a naku.

Idan katin ya nuna yana Ingila lokacin da sojojin ƙawance suka tsallaka zuwa Normandy ta Faransa, to zanen layuka biyar da aka yi wa jiragensu a fiffike da gangar jiki, fari uku baƙi biyu, ya dace da shi. Amma ku tuna a gurguje aka shafa su da buroshi kwanaki kaɗan kafin ranar tsallakawar, 6 ga Yunin 1944, ba a tsaya daidaita bakinsu ba.

Mai_Allura

Na yi aikin lulluɓe fukafukai, bari in sa baki. Ido ba ya bambance yadin idan an gama, abin da ake gani dof ne, wato ruwan da ake shafawa ya toshe saƙar. Ka sa foliyesta, ka bi ta da dof irin na da, ka ɗinke ta a kan haƙarƙari da zare mai kaki, ka rufe ɗinkin da tef mai bakin zarto, kusan ba mai ganewa.

Amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Auduga dof ne ke ɗaure ta. Foliyesta da zafi ake ɗaure ta, da dutsen guga da ka auna zafinsa da ma'auni, kana ƙarawa mataki-mataki, ba da bindigar iska mai zafi ba. Sannan dof ɗinta, ko da irin na da ne, dole ya zama nau'in da ba ya ƙara jan yadi, in ba haka ba sai ya lanƙwasa haƙarƙarin. Kada ka rage shafen azurfa mai garin alminiyom, shi ke tare hasken rana, kuma rana na cin yadin duka biyun. Dof na naitiret kuma wuta yake jira, ko tartsatsi kada ya kusance shi.

Wani abu daban: idan agogunan gaban matuƙi na lokacin yaƙi ne, akwai yiwuwar an shafa wa lambobinsu radiyom, wani sinadari mai haɗari ga lafiya, don su yi haske da dare. Kada ka buɗe gilashinsu, ka kai wa masu na'urar aunawa.

Dan_Damagaram

Ni dai ina bayan dattijon. Mutum ya sa dukiyarsa don ya ga abu yadda aka ƙera shi, ku bar shi. Idan jirgin a rumfa zai riƙa kwana, aka sa maganin fumfuna a shafen farko saboda damshin ƙasar, auduga za ta yi shekaru. Tunda hukuma ba ta hana ba, kada tsoron wahala ya sa a sauya.

Makaniken_Jirgi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi bututun baya da tsini kamar yadda kuka ce, na ƙasa ta hagu ya lotsa, za mu yanke. Na karanta wa dattijon maganarku kan sandunan tokara, bai ja ba, ya ce a yi odar sababbi. Ƙanwata, ya riga ya rubuta takardar neman katin. Yadi kuwa har yanzu yana kan bakansa, mun bar wa sufeton da zai sa hannu a takardun ya ba mu ra'ayinsa idan ya zo duba waldar.

Baba, saura burki. Na asali ne a jiki, mai robar da ke kumbura ta matse ganga, kuma robar ta bushe ta tsage. A nemo irinta, ko a sa na faifai tunda burkin ba a ganinsa sosai daga waje?