Garin zinki ya ƙi zama fari a tanderu, ku taimaka

Mai tambaya: Salam ƴan uwa, dan Allah masu kemistiri ku agaza min. Furojet ɗina na ajin ƙarshe shi ne in haɗa zinki oksayid mai siffar ƴan siraran allurai daga garin zinki, na zuba garin a kasko na sa a tanderun lab a digiri 600 har awa biyu amma abin da na ciro wani dunƙule ne ruwan toka, samansa kawai ya yi fari, sau uku kenan wallahi garin ya kusa ƙarewa ga sufabaiza ya sa ni gaba. Ina matsalar take?

Wani malami: Wa alaikumus salam ƙanwata. Zafin ne bai kai ba. Zinki yana narkewa a wajen 420 amma sai 907 yake tafasa, su kuma alluran nan daga tururinsa suke tsirowa idan ya haɗu da oksijin. A 600 narkar da shi kawai kika yi, oksayid ya yi masa ɓawo ya kulle na ciki. Ki bari tanderun ya kai 900 zuwa 950 tukuna sannan ki sa, gari kaɗan kuma ki baza shi kar ki tula, cikin ƴan mintuna za ki ga abu kamar auduga.

Wata ɗaliba: Kuma kar ki tsorata in kin ga ya fito rawaya, haka yake da zafi, yana hucewa zai koma fari. Ni ranar farko saura kaɗan in zubar 😂

Ma'aikacin lab: Ni dai hayaƙin ne damuwata, shi ne yake sa masu walda zazzaɓi da ciwon jiki in sun ƙona ƙarfe mai rufin zinki. Ki kunna abin zuƙe hayaƙi, takunkumi mai kyau ba na yadi ba, ki ajiye busasshen yashi kusa, wutar garin ƙarfe ba a kashe ta da ruwa. Kar ki yi ke kaɗai.

Wani malami: Sannan fari ba shi ke nuna alluran sun zama nano ba ne fa, wato ƴan mitsi-mitsin da kaurinsu bai wuce nanomita 100 ba (nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na mita). XRD (gwajin X-ray mai gano irin sinadari) zai tabbatar miki oksayid ne, SEM (madubin likita mai aiki da elektron) kuma shi zai nuna siffar, yawanci alluran da ƙafa huɗu suke fitowa kuma da yawa sun wuce nanomita 100 a kauri, to ki auna kafin ki rubuta nano.

Mai tambaya: Na gode malam, Allah ya ƙara ilimi. Kaskon in rufe shi ko in bar shi buɗe?

Wani malami: Ki ɗora murfin a karkace, iska ta samu hanyar shiga.