Muhawara: Michigan za ta iya doke Ohio State a gidanta ranar Asabar?

Baban Zara: Salamu alaikum jama'a. Asabar ɗin nan, 30 ga Nuwamba, 2024, Michigan za ta je Columbus ta kara da Ohio State a ƙwallon zari-ruga ta jami'o'in Amurka, ƙarfe 12 na rana agogonsu, 6 na yamma agogon Najeriya da Nijar. Masu hasashe sun ba Ohio State ratar maki kusan 20. Ni na ce ratar ta yi yawa, Michigan ma za ta iya cinye wasan. Na san bana wasa 6 ta ci ta faɗi 5, ita kuwa Ohio State ta ci 10 ta faɗi 1. Amma ku dubi katangar mutum biyar da ke kare mai jefa ƙwallon Ohio State. Josh Simmons na gefen hagu ya ji ciwo a gwiwa a wasan Oregon, ya gama bana. Seth McLaughlin na tsakiya, wanda ke miƙa ƙwallo yana kuma faɗa wa sauran wanda kowa zai tare, jijiyar agararsa ta tsinke a wajen atisaye. An ɗauke Donovan Jackson daga ciki an kai shi gefe, an mayar da Carson Hinzman tsakiya. Wannan katangar da aka yi wa faci ita za ta tare manyan masu tsaron gaban Michigan, Mason Graham da Kenneth Grant, wanda nauyinsa ya haura kilo 150. Bayan raunin Simmons, yadi 64 kacal suka samu da gudu a kan Nebraska, da ƙyar suka sha 21 da 17.

Kawu: Wa alaikumus salam. Baban Zara, tare abokin karawa daban, cin maki daban. Wa zai ci wa Michigan maki? Mutum uku ta gwada a wurin jefa ƙwallo bana, Davis Warren da Alex Orji da Jack Tuttle, ta zagayo ta koma kan Warren. Ranar da ta doke USC, jifar Orji duka yadi 32 ce. Maki 12 ta samu a wasan Texas, 7 a na Illinois, 15 a na Indiana. Yanzu ka kai ta gaban masu tsaron Ohio State da Jim Knowles ke horarwa. Penn State, a gidanta, ta kai ƙwallo yadi 3 da layin ƙarshe, ta gwada sau huɗu ba ta shiga ba. Daga nan Ohio State ta karɓi ƙwallo ta yi ta gudu da ita har minti biyar ɗin da suka rage suka ƙare. Katangar da kake cewa ta faci ce ta yi wannan aikin, ba Simmons a ciki.

Baban Zara: Gaskiya ne Kawu, amma ran nan McLaughlin yana nan. Rashin na tsakiya ya fi ciwo a irin wannan wasa, domin Graham da Grant a kansa za su tsaya.

Auta: Ni ina bayan Yaya Baban Zara. A 2021 Michigan ta ci 42 da 27, Hassan Haskins shi kaɗai ya shiga gidan ƙarshe, inda ake cin maki, sau biyar. A 2022 ta je Columbus ɗin ta ci 45 da 23, Donovan Edwards ya tsinke da gudun yadi 75 da na 85 a zangon ƙarshe, kuma Edwards yana cikin tawagar har yanzu. A 2023 ta ci 30 da 24, Sherrone Moore ne ma ya ja ragama ran nan saboda an dakatar da kocinta Jim Harbaugh. Ryan Day, kocin Ohio State, sau ɗaya ya taɓa doke Michigan, a 2019. Duk nauyin yana wuyansa.

Kawu: Auta, waɗanda suka ci wasannin nan sun watse. Harbaugh ya koma Chargers, J.J. McCarthy da Blake Corum sun tafi, mutum 13 NFL, gasar ƙwararru, ta ɗauka daga Michigan a watan Afrilu. Rod Moore da ya cafke jifar ƙarshe bara yana jinyar gwiwa. Riga ce kawai iri ɗaya.

Maman Khalil: Duk kun tattara a tsakiya, alhali a gefe za a yanke wasan nan. Will Johnson, wanda ya fi kowa iya tsare masu cafke jifa a Michigan, rabonsa da fili tun wasan Illinois a watan Oktoba. In babu shi, wa zai riƙe Jeremiah Smith, mai cafke jifa na Ohio State? In an sa masa mutum biyu, Emeka Egbuka da Carnell Tate kowa ya samu mutum ɗaya. Maganin manyan mutane irin su Graham sananne ne: kada ka riƙe ƙwallo. Will Howard, mai jefa ƙwallon Ohio State, ya karɓa, ya ja taku uku, ya sake ta kafin daƙiƙa biyu da rabi, gajeruwar jifa zuwa gefe, Smith ya ƙara yadi biyar ko shida da ƙafarsa. Mai kilo 150 zai yi ta bin ƙwallo daga wannan gefe zuwa wancan, kafin zango na huɗu numfashinsa ya ƙare. Wink Martindale, kocin masu tsaron Michigan, kuma mutum ne mai son tura mutum biyar ko shida su afka wa mai jifa. In ya yi haka ran Asabar, bayansa zai zama fili fetal.

Abu ɗaya ne ke ba ni tsoro, kuma nan na yarda da Baban Zara. Shekara uku ana yi wa Day gorin cewa yaransa ba su da ƙashi. In wannan gorin ya sa shi da Chip Kelly, mai tsara masa hari, suka nace sai sun tura TreVeyon Henderson da Quinshon Judkins ta tsakiya don su nuna ƙarfi, sun kai wa Michigan wasan har inda take so. Dama huɗu ake ba ƙungiya ta cika yadi 10: yadi ɗaya a damar farko, biyu a ta biyu, sai ga dama ta uku da saura yadi bakwai, kowa ya san jifa za a yi.

Malam: Hajiya ta taɓo wurin. Bari in ƙara lissafin agogo, domin hanyar Michigan ɗaya ce tak. Minti 60 ake yi, kuma tun 2023 agogo ba ya tsayawa don an cika yadi 10 sai a minti biyun ƙarshe na kowane rabi. Tsakanin wasa da wasa akwai daƙiƙa 40. In Kalel Mullings na Michigan yana samun yadi huɗu a kowane gudu, Warren kuma yana barin daƙiƙun nan su kusa ƙarewa kafin ya karɓi ƙwallo, hari ɗaya zai ci minti shida ko bakwai. Da haka kowane ɓangare zai riƙe ƙwallo sau takwas ko tara maimakon goma sha biyu, kuma duk ƙungiyar da ta fi ƙarfi ba ta son a rage mata yawan zuwa. Sannan ga Dominic Zvada, mai buga wa Michigan ƙwallo da ƙafa, da ya sha buga ta maki 3 daga yadi 50 zuwa sama bana. Nisan bugu shi ne inda ƙwallo take a ƙara yadi 17 ko 18, wato Michigan ta isa layin yadi 35 na Ohio State ta shiga inda ƙafarsa ke kaiwa.

Inda tsarin zai rushe shi ne in aka ba Michigan ratar maki 14 da wuri. Dole ta bar gudu ta koma jifa, masu tsaron Ohio State Jack Sawyer da JT Tuimoloau kuma su saki jiki su bi Warren. Ga shi Colston Loveland, wanda Warren ya fi nema in ya matsu, ya ji ciwo a wasan Northwestern. Kada kuma a buga wa Caleb Downs na Ohio State ƙwallo kai tsaye in za a sallama ta, makon jiya ya dawo da irinta har gidan ƙarshe a kan Indiana.

Baban Zara: To Malam, Indianar nan da take 9 da 0 lokacin, maki 3 kawai ta ci Michigan bayan hutun rabin lokaci. Masu tsaron za su riƙe. Ina ganin kowa ba zai wuce maki 20 ba.

Kawu: Ita Indianar kuma Ohio State ta yi mata 38 da 15. Mutum sama da 100,000 za su cika filin, ihun zai hana Warren jin kansa, balle 'yan katangarsa su ji ƙirga, daga nan ake motsawa kafin lokaci a ci tarar yadi biyar. Ƙungiyar da ke neman yadi huɗu-huɗu ba ta iya biyan wannan tarar. Ohio State kuma ta san in ta ci za ta je Indianapolis wasan ƙarshe na rukuninsu, Big Ten, ta sake haɗuwa da Oregon da ta doke ta 32 da 31. Na ba ta 31 da 10.

Maman Khalil: Kawu, ni sai na ga hari biyun farko. In Howard ya jefa wa Smith sau uku ko huɗu a ciki, ina tare da kai. In na ga Judkins yana karo da Grant sau biyu a jere, zan koma wajen Baban Zara.