Neman kalma: yaya za mu ce "dematiaceous fungi" da Hausa?

Mai Shirin Lafiya:
Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe huɗu zan yi hira da wani likitan fata a rediyo, kuma takardar da ya aiko mini cike take da "dematiaceous fungi". Ya ce ƙwayoyin cuta ne dangin fumfuna masu duhun launi, suna zaune a ƙasa da ruɓaɓɓen itace, suna shiga jiki idan ƙaya ko sartse ya soki mutum. Manoma da makiyaya ne ke sauraronmu, su ne kuma abin ya fi shafa. Me zan ce musu? Don Allah a taimaka kafin dare.

Uwar Ɗalibai:
Wa alaikumus salam. Baƙar fumfuna mana. Duk matar da ta taɓa barin tuwo ya kwana uku ta san fumfuna.

Wani Likita:
Hajiya, an riga mu kama wannan sunan. A 2021, lokacin korona, cutar da ta addabi Indiya ita aka yi ta kira baƙar fumfuna a labarai, alhali ƙwayarta ba ta da baƙi, naman da ya mutu ne yake baƙi. Waɗanda ake tambaya a kansu kuwa suna ɗauke da melanin a bangon ƙwayarsu, sinadarin nan da ke sa fatar mutum duhu, kuma a madubin awo launin ƙasa-ƙasa ake ganinsu. Sannan ba cuta ɗaya suke jawowa ba. Akwai mai fito da ƙuraje masu kaushi a ƙafa, ta yi shekaru tana yaɗuwa a hankali. Akwai maisetoma, wadda ke kumbura ƙafa, ta huda ramuka, mugunya na fita da baƙaƙen ƙwayoyi kamar tsaba. Akwai kuma wadda kan kai har ƙwaƙwalwa, amma ba kasafai ake ganinta ba.

Malam Nahawu:
Likita, Allah ya ƙara basira. To ga kalma daga cikin gida: kunkunniyar jiki. Kunkunniya baƙa ce, tana kama rufin ɗaki sannu a hankali har ta cinye shi da baƙi. Siffa ta zo daidai, kuma ba mu roƙi kowa aro ba.

Uwar Ɗalibai:
Malam, idan aka faɗi haka a rediyo, wallahi mata za su ɗauka hayaƙin murhu ne ke kawo ta.

Malam Nahawu:
Sai a yi musu bayani. Da aka ce "ƙanjamau" ai ba ranar kowa ya gane ba. Abin da ke damuna shi ne mun zama masu jiran Bature ya raɗa suna mu kuma mu lanƙwasa harshe. Shi kansa Likita yanzu ya ce "maisetoma" da "melanin". Wannan Hausa ce?

Ɗan Damagaram:
Tun da ana maganar Hausa, mu nan hunhuna muke cewa. Kullum in za a tsayar da kalma sai a ɗauki ta Kano, kamar mu ba mu tsotsi harshen ba. Kuma ciwon ƙafar nan na maisetoma akwai shi a Nijar da Chadi, ƙasar ƙaya ce.

Malam Nahawu:
Daidaitacciyar Hausa ba ta Kanawa ba ce su kaɗai, ɗan'uwa. Ƙa'idar rubutu ce. Ka faɗa da bakinka yadda ka saba, amma a takarda fumfuna ce. Ko da yake da kun karɓi kunkunniya duk wannan gardamar ba ta taso ba.

Ɗan Damagaram:
A rediyo za a faɗa, Malam, ba a takarda ba. Kuma zangon tashar yana tsallake iyaka.

Bahaushen Sudan:
Ku ba ni dama. A nan ciwon ƙafar ba baƙo ba ne, Sudan na cikin ƙasashen da ya fi yawa a duniya, har aka kafa cibiyar bincikensa a Jami'ar Khartum a 1991. Mutane na ce masa madura, daga sunan garin Madurai na Indiya inda aka fara bayyana shi. Na ga maƙwabcinmu, manomi, ya yi shekaru yana ɗaure ƙafar da tsumma don ba ta masa zafi, sai da ta kai ƙashi aka yanke. Shi ya sa nake roƙo, kowace kalma kuka zaɓa, ku sa ƙaya a ciki, don mutum ya ji ya tuna da takalminsa.

Wani Likita:
Gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maisetoma cikin cututtukan da aka yi watsi da su a 2016, mai ƙurajen kuma a 2017. Maganin da aka fi ba wa masu nau'in fumfuna shi ne itraconazole, ana sha watanni da yawa, sau da dama a haɗa da tiyata. Sai dai ƙaya ba ta rufe duka. A 2012 a Amurka, gurɓatacciyar allurar ciwon baya ce ta sa wa mutum fiye da 700 irin wannan ƙwaya, sama da 60 suka rasu. Sannan wani maisetoman bakteriya ce ke kawo shi, maganinsa daban. Ni dai zan ce "fumfuna mai duhun launi" ga ƙwayar, kowace cuta kuma da sunanta.

Malam Nahawu:
Kalma huɗu ba suna ba ne, bayani ne.

Mai Shirin Lafiya:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Lokaci ya ƙure. Gobe zan ce "fumfuna mai duhun launi, wadda wasu ke ce wa hunhuna", ciwon ƙafar kuma "madura, kumburin sukan ƙaya". Dogon sunan nan "phaeohyphomycosis", na wadda kan kai har ƙwaƙwalwa, zan bar wa likitan ya faɗa da bakinsa ya fassara.

Malam Nahawu:
Na gobe dai ya wuce haka nan. Amma ban janye kunkunniya ba, kuma "madura" sunan garin wasu ne. Idan an gama shirin a dawo nan a zauna a kansa.

Ɗan Damagaram:
Ka fara faɗin hunhuna kafin fumfuna ko sau ɗaya ne, Yaya. Muna saurare.