Kwanukana sun tsattsage bayan gashi, wa ya taɓa auna wannan?

Mai tukwane, Minna: Assalamu alaikum 'yan uwa masu aikin yumɓu. Jiya na sauke kwanuka 12 daga tanderu, ruwan gilashin ya kwanta sumul. Da dare ina kwance sai na riƙa jin ƙis, ƙis daga kan kanta. Da safe na shafa wa ɗaya tawada na goge, sai ga tsagu kamar saƙar gizo-gizo. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Dattijo, Suleja: Wa alaikumus salam, ɗana. Gilashinka ya fi jikin kwanon tsukewa yayin hucewa, shi ya sa ya yage. A nan garin Ladi Kwali ta koyi shafa gilashi wurin Baturen nan maginin tukwane Michael Cardew tun 1954, amma har yau ni ba ni da na'urar aunawa. Nakan sa kofi a oven ya kai digiri 150, in tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara, sau uku. Wanda ya tsira nake sayarwa. Ka duba tokar itace da garin dutsen felsfa a haɗin gilashinka, sodiyam da fotasiyam ɗinsu ke kawo wannan.

Ɗaliba, Zariya: Baba ya yi gaskiya. Ni na auna da dilatomita, na'urar auna miƙewar abu idan ya ɗau zafi. Ana narka gilashin a yi ɗan sanda, a ɗora masa zafi a hankali, wani tsinke yana bin miƙewarsa. Haka ake yi wa yumɓun. Wajen digiri 573 na ga layin yumɓun ya yi tsalle, saboda farin dutsen da ke ciki yana sauya siffa a nan. Lissafin kwamfuta ya nuna haɗina ya dace, na'ura ta ƙaryata shi. Tun daga ranar nake gwaji kafin in amince.

Wata 'yar uwa, Kano: Yaya, ka ƙara silika, sinadarin da ke cikin yashi da tokar ɓuntun shinkafa, amma da lura. Ni na zuba tokar ɓuntun shinkafa da yawa, tsagewa ta tafi, sai gilashin ya koma ɓarewa a bakin kofi. Ɓarɓashin ya yanke ni a yatsa. Da a shayin wani ya faɗa fa? Duka na fasa su.

Mai tukwane, Minna: Na gode muku. Zan gasa fale-falen gwaji biyar, kowane da ƙarin silika kaɗan. Baba, ruwan randa zai wadatar, ko dole sai da ƙanƙara?