Agogon aljihu na gado: a narkar ko a bar shi?

Ɗan Kasuwa, Garwa:
Salamu alaikum. Agogon aljihu ne na gado, mai murfi gaba da baya. Bayansa zane ne siriri kamar saƙar tabarma, da furanni a gefe. Maƙeri ya ce zai auna ya biya kuɗin giram. Yaya ake gane zinariya ce zalla, kuma zanen yana ƙara masa daraja?

Mai Gyaran Agogo, Marwa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka bari a sa masa wuta ko zarto tukuna. Buɗe murfin baya ka duba cikinsa da madubin ƙara girma. Lamba 750 karat 18 ke nan, 585 kuwa 14. Na Faransa za ka ga kan mikiya, hatimin da suke bugawa tun 1838. Tsofaffin na Suwizalan kan mace ne a karat 18, kurege a 14. Na Ingila kambi ne da lambar karat, sai kan damisa in a Landan aka tantance shi.

In ka ga rubutun garantin shekara 20 ko 25, galibi na Amurka ne: farar tagulla aka lulluɓe da fallen zinariya. Duba wuyan da ake murzawa da gefuna, nan tagullar ke fara leƙowa.

Maƙerin Zinariya, Injamena:
Malam ya faɗi gaskiya. In ƙara: akwai murfi na biyu a ciki mai tare ƙura. Sau da yawa an buga masa "cuivre" ko "métal", to wannan ba zinariya ba ne. Sifirin da ke ɓalle murfin gaba ma ƙarfe ne, shi ya sa maganaɗisu kan ɗan kama gefe har mutum ya zaci jabu ne.

Saƙar tabarmar nan ita ake kira giyoshe. Inji ne ake juyawa da hannu, bakin ƙarfe yana yanka layi ɗaya bayan ɗaya, don haka tazararsu daidai take. Furannin kuwa in aikin hannu ne, layin yana farawa siriri, ya yi faɗi, ya sake tsukewa, kuma cikin ramin yana walƙiya in ka karkata shi a rana. Wanda aka danna da injin bugu gefensa a daƙushe yake, wani sa'in har inuwar zanen kan fito ta cikin murfin. Na hannu da bai goge ba, asara ce a narkar da shi. Masu tara tsofaffin agogo kan biya fiye da kuɗin giram.

Mai Gyaran Agogo, Marwa:
Abin da ke kashe zanen shi ne gogewa. Toka, man goge baki, injin goge-goge, duk suna cin kan layukan, kuma ba ya dawowa. Ƙurar hunturu ma yashi ce: a fara kaɗe ta da buroshi mai laushi kafin tsumma ya taɓa. In wanki za a yi, a cire injin agogon, ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, a busar da mahaɗin murfi sosai saboda sifirin na tsatsa. Sannan wajen rufewa, danna kan nan da ake murzawa tukuna ka kwantar da murfin. Ƙarfen da ke kama shi ya fi zinariya tauri, in ana rufewa ƙas-ƙas sai ya cinye leɓen murfin, ya daina kamawa.