Shawarwari Kan Bambancin Hukuncin Ɗauri Tsakanin Maza da Mata

Wasu da suka tattauna batun bambancin hukuncin ɗauri tsakanin maza da mata sun kafa hujja da binciken da Farfesa Sonja Starr, masaniyar shari'a a Amurka, ta yi a 2012, wanda ya nuna cewa a kotunan tarayyar Amurka wa'adin ɗaurin maza ya zarce na mata da kusan kashi 63 cikin ɗari, ko da laifin iri ɗaya ne. Shawararsu mafi ƙarfi, wadda nake goyon baya ƙwarai, ita ce sassaucin da Ƙa'idojin Bangkok na 2010 (ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan yadda za a kula da mata fursunoni) suka nema wa mata masu renon yara ya haɗa da uban da ke ɗauke da wannan nauyi. Sun kuma buƙaci a sa ido kan masu gabatar da ƙara, domin giɓin yakan soma ne tun wajen tsara tuhuma.